Hancin Yaya Glenda

Ranar ƙarshe ta hutuna na tashi da damuwa fal a raina. Akwatina na bakin ƙofa, jirgina zai tashi ƙarfe shida na yamma daga Kelowna, ga yayata Glenda a kicin tana soya ƙwai tana 'yar waƙarta kamar ba ita ce a cikin matsala ba. Haka muke tun muna yara. Ita ke ɗebo ruwan dafa kanta, ni nake ramewa.

Shekara ashirin da biyu ke nan duk watan Satumba nake zuwa wurinta a garin Oliver in yi kwana goma, in huta da tukwanen asibitin da nake wa girki a Saskatoon. A da hutu ne na gaske. In yi barci har rana ta take, in ci 'ya'yan itace har in gaji, in zauna ina kallon jerin inabi yana gangarawa zuwa kogi. Na bana kuwa aiki na yi, aikin da ko sunansa ba na iya faɗa wa kowa.

Glenda ta girme ni da shekara huɗu. A gonar alkama aka haife mu, kuma tun ba ta kai tsawon tebur ba aka gane hancinta ba irin na mutane ba ne. Mama ba ta dafa nama sai ta kira ta ta sunsuna. Tana 'yar shekara tara ta hana Baba cin abincin rana, ta ce ciyawar da aka tara a rumbu tana ƙamshin sukarin da ya ƙone. Ya zage ta, amma ya je. Da ya cusa hannu cikin ciyawar sai ya zaro da sauri, saura ƙiris ta kama da wuta. Daga ranar duk baƙon da ya zo gidanmu sai an ba shi wannan labari, ni kuma a ce, "Wannan ƙanwarta ce, Lorna." Na ji haushin hancin nan shekaru da yawa, ba zan ɓoye ba.

Tana da shekara goma sha tara ta bi ƙawayenta kwarin Okanagan tsinkar 'ya'yan itace, wai na bazara ɗaya. Ba ta dawo ba. Ta yi tsinka, ta yi aikin cika kwali, ta auri wani direban babbar mota mai yawan dariya wanda Allah ya yi wa rasuwa shekara goma sha biyu da suka wuce. Ba su haihu ba. Tana da talatin ta samu aikin wankin ganguna a gidan giyar Baba Avelino Brum, wani ɗan Fotugal da ya tumɓuke itatuwan tuffa na ubansa ya shuka inabi lokacin da kowa ke ce masa mahaukaci. A makonta na biyu ta wuce ta gefen wata ganga ta tsaya, ta ce masa wannan ta kama hanyar zama ruwan tsami. Ya ɗebo, ya sunsuna, ya dube ta daga sama har ƙasa. Washegari ya karɓe tsintsiya daga hannunta ya tsayar da ita a bayan kantar sayar da giya, inda baƙi ke zuwa ɗanɗanawa. Ya kuma ba ta ɗan gidan da ke ƙarshen gona, wanda take ciki har yau.

Shekara talatin da ɗaya tana tsaye a wurin. Aikin kuwa ba zuba giya ba ne kawai, don zubawa ko wa ya iya. Duk kwalbar da aka toshe da matoshin ɓawon itace, sai mai kanta ya zuba kaɗan ya sunsuna kafin ta isa gaban baƙo. A cikin kwalabe ashirin ko talatin akan samu ɗaya da matoshin ya ɓata, ta riƙa warin jiƙaƙƙen kwali. Ba ta kashe mutum, amma tana kashe sunan gida, domin baƙon ba zai ce matoshi ne ba, cewa zai yi giyarku ce ba ta da kyau, ya je ya faɗa wa mutum goma. Glenda tana jin wannan wari tun matoshi bai gama fita ba.

Ranar da na iso bana, ina shiga gidanta wani ɗoyi ya tare ni a ƙofa. Ita kuma tana ta rungumata tana tambayar hanya. Na bi warin har bayan kabad na zaro mataccen ɓera, ya yi kwana huɗu ko fiye. Na ɗago shi da takarda na dube ta. Ta zauna a kujera, fuskarta ta yi fari.

"Tun Afrilu," ta ce. "Mura na yi, ta sati ɗaya. Murar ta tafi, ta tafi da jin ƙamshi da wari."

"Kin ga likita?"

"Na gani. Ya ce wataƙila ya dawo, wataƙila ba zai dawo ba. Wannan ai ko ke kin iya faɗa mini, ba sai na ɓata man mota ba."

Wata biyar ta yi tana wasan ɓuya. Giyar da ke da murfin ƙarfe ba ta da wannan matsala, sai ta riƙa tura baƙi wajenta. In dole ta buɗe mai matoshi, sai ta fara zuba wa wanda ta ga ya fi kowa iyayi, ta tsura wa hancinsa ido. Bayanin kowace giya kuwa ta haddace shi tun tuni, ko cikin barci za ta karanto. Amma Satumba watan baƙi ne, ana buɗe tsofaffin kwalabe goma sha biyar a rana, kuma ido ɗaya ba ya tsare su duka.

Abin tsoron shi ne Odete, 'yar Baba Avelino, wadda ta dawo daga Vancouver shekara uku da suka wuce ta karɓi ragamar gidan. Ba muguwa ba ce, amma mace ce mai son komai ya tafi a kan layi, kuma ta riga ta sallami tsofaffin ma'aikata biyu cikin ladabi da kyautar fure. Bara a gabana ta ce, tana dariya, "Glenda ba ta iya na'ura mai ƙwaƙwalwa ba, ba ta son gyara, ba ta sa rigar aiki. Amma wa ya isa ya taɓa wannan hancin?" In hancin ya tafi, aikin ya tafi. In aikin ya tafi, gidan ƙarshen gona ma ya bi shi, ga mace mai shekara sittin da ɗaya da ba ta da wani wuri a duniya sai ɗakin baƙi na a Saskatoon.

Shi ya sa na ara mata nawa hancin. Kwana tara ina zaune a kan doguwar kujera a ƙarshen kanta da jarida a gabana. Duk kwalbar da ta buɗe sai ta zuba kaɗan, ta yi kamar tana sunsunawa, sannan ta turo mini kofin tana cewa, "Ungo, 'yar ƙauye, ki koyi abin duniya." In lafiya lau ce sai in ci gaba da karatuna. In na ji warin kwali sai in cire tabarau in goge da gefen riga. Hancina ba na gasa ba ne, amma wadda ta shekara talatin tana sunsuna madarar marasa lafiya ta san abin da ya lalace.

Da safen nan na ƙarshe, muna karyawa, na ajiye cokali.

"Yaya, gobe fa?"

"Gobe Litinin."

"Kin san abin da nake nufi. Gobe wa zai zauna a kujerar nan?"

"Ci ƙwanki, sarauniyar tsoro. Wata biyar na yi ba ke."

"Kika kuma kwana da mushen ɓera. Ki faɗa musu da bakinki, don girman Allah, tun ba su ji a bakin baƙo ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

"To ai ban ce zan yi wanka ba." Ta kwashe faranti ta juya mini baya. Can ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "In na faɗa, ni wace ce a gidan nan, Lorna? Tsohuwa mai ciwon gwiwa da ba ta iya na'ura ba."

Na ji tausayinta ya cika mini ƙirji, na kuma ji kamar in shaƙe ta.

Akwai abin da ya fi gobe kusa, kuma duk mun san shi. Ranar Lahadin da za a shiga makon tsinkar jan inabi, Baba Avelino yakan tara ma'aikatansa cin abincin rana a ƙarƙashin bishiyar da ke bayan rumbun giya, ya fito da babbar kwalba ɗaya daga cikin tsofaffin da yake ji da su. Al'adar gidan ita ce ba a zuba wa kowa ko ɗigo, har shi mai gidan, sai an kai wa Glenda kofin farko ta sunsuna ta ce, "A sha." Bana wannan Lahadi ta faɗo a ranar tafiyata.

"Ki zauna kusa da ni kawai," in ji Glenda. "Zan san yadda zan gifta da kofin ta gaban fuskarki."

Ƙarfe goma muka buɗe wa baƙi ƙofa. Baƙi mota biyu suka sauka, galibinsu irina ne, masu hutun da ya ƙare, kowa na son ya cika bayan motarsa kafin ya kama hanya. Glenda ta shiga aikinta, in ka gan ta sai ka rantse hancinta na nan daram. Kwalba ta shida na ji warin, siriri, kamar ɗakin da aka rufe damina guda. Na cire tabarau. Ko kallona ba ta yi sosai ba, ta janye kwalbar ta ce wa baƙin, "Wannan ba ta yi sallama da kyau ba, bari in kawo muku 'yar'uwarta." Wani mai hular kaboyi ya ce a ba shi ya ji, ya sunsuna, ya ce wallahi shi da sai ya shanye bai sani ba, ya shiga yabonta. Ta karɓi yabon ba kunya ba tsoro. Ni kuwa na ci gaba da goge tabarau.

Ina mayar da tabarau na ga Odete tsaye a ƙofar ofis tana kallona.

"Anti Lorna, ko in rubuta sunanki cikin ma'aikata ne? Kwana tara kujera ɗaya. Bana ko tafki ba ki je ba."

"Ƙafa ce, 'yar nan," na ce. "Tsufa."

"Allah ya sawwaƙe. Tabaraun ma na ga yana yawan datti."

Ta yi murmushi ta koma ciki. Har yau ban san ko da wata manufa ta faɗa ba.

Ƙarfe ɗaya aka rufe ƙofa aka fita bayan rumbu. An haɗa tebura uku, mutum goma sha huɗu, hayaƙin gasasshen kifi ya cika wurin, ga burodi da miyar ganye da dankali. Na ga Odete ta nufi matakalar rumbu, na bi ta da sauri har na manta da ciwon ƙafar da na ƙirƙira.

"Kawo in taya ki ɗauko kwalbar, in ma buɗe miki."

"Haba Anti, yau ranarki ta ƙarshe. Baƙo ba ya aiki ranar tafiya. Je ki zauna."

Na dawo na nufi kujerar da ke gefen Glenda. Saura taku biyu na ji an kama hannuna. Baba Avelino ne, shekara tamanin da ɗaya amma riƙonsa kamar na maƙeri.

"Mai tukwane, ina za ki? Yau kusa da ni za ki zauna. Kwana goma kina manne da yayarki kamar kaska, ba ki gaji da ganin fuskar nan ba?"

Aka yi dariya. Ya ja ni har kan tebur, ya zaunar da ni a damansa. Glenda na can ɗaya ƙarshen, tsakanina da ita mutum shida da kwandon burodi. Muka haɗa ido. Ta ɗaga mini gira wai in kwantar da hankali, amma na ga yadda ta damƙe gefen tebur.

Ban san abin da na ci ba. Ina ta lissafi a raina cewa kwalba ɗaya ce cikin ashirin, cikin talatin ma, kuma ta safe ta riga ta ɗauke mana rabon yau. Na san wannan lissafin banza ne, matoshi bai san abin da ɗan'uwansa ya yi da safe ba, amma mai tsoro ko zaren gizo-gizo ya samu kamawa yake.

Odete ta fito da kwalbar a rungume, ƙura a kafaɗarta. Ta shekarar da aka fara cin amfanin gonar tudu ce, saura uku irinta a duniya. Ta zare matoshin a hankali, ta zuba kaɗan, ta taka har wurin Glenda ta miƙa mata da hannu biyu. Kowa ya zuba mata ido.

Glenda ta juya kofin, ta ɗaga shi ga haske, ta sa hanci ta lumshe ido. Ta daɗe fiye da yadda ta saba. Da ta buɗe ido ni ta duba, ni kuma ba ni da abin ba ta. Ta kurɓa kaɗan.

"A sha," ta ce.

Aka yi tafi. Odete ta dawo kan tebur ta fara da ubanta, sannan ni. Tun kofin bai iso fuskata ba na ji shi. Wannan ba siriri ba ne irin na safe, wari ne sosai, na kwalin da ya kwana cikin ruwa. Na fizge tabarau na shiga gogewa kamar zan huda gilashin, amma Glenda ba ta kallona, ta juya tana dariya da na kusa da ita, dariyar wanda ya tsallake rijiya. Odete na bin tebur tana zubawa, iska na kaɗa hayaƙin kifi ta gabanta. Na ga mutum na farko ya kai kofi hanci ya ajiye a hankali. Na biyu ya dubi na farko. Kafin Odete ta zuba nata, duk teburin ya yi tsit.

Sai a lokacin Glenda ta waiwayo ta ga tabarau a hannuna.

Baba Avelino ya riga ya miƙe. Ya yi 'yar addu'arsa ta kowace shekara, Allah ya ba da rana, ya hana ƙanƙara, ya tsare yatsun masu tsinka. Ya sa hanci cikin kofi ya ja dogon numfashi, ya sha babbar kurɓa, ya lumshe ido.

"Kun ji giya," ya ce. "Shekara ashirin da biyar, ko gezau ba ta yi ba."

Ba wanda ya ɗaga kofi. Abin da na ɗauka, kuma na tabbata shi kowa ya ɗauka, shi ne tsohon ya ji warin sarai, ya zaɓi ya haɗiye don kada ya kunyata Glenda a gaban jama'a. Ita ma haka ta fahimta, kuma wannan ne ya karya ta. Da zagi ya yi da ta jure. Ta miƙe tsaye tana dafe da tebur.

"Baba, ajiye kofin nan. Kada ka sha ruɓaɓɓen abu don ka rufa mini asiri. Ban ji komai ba. Tun Afrilu ba na jin komai, ko hayaƙin kifin nan ba na ji. Lorna ce ke sunsuna mini kwana tara."

Ya tsaya da kofi a hannu yana kallonta. Ya dubi kofin. Ya bi fuskokin mutane ɗaya bayan ɗaya, ya ƙare a kan 'yarsa.

"Ta lalace ne?" ya tambaya.

"Baba," in ji Odete, "warin har nan inda nake."

Ya zauna a hankali. Ina kusa da shi, na ga kunnuwansa sun yi ja. Ya ture kofin gefe da bayan hannu.

"Ni shekara shida ke nan," ya ce. "A hankali jin ƙamshin ya tafi, ban ma san ranar da ya ƙare ba. Na ce a raina ba komai, tunda Glenda 'yar alkama na nan. In ta ce a sha, sai in sha."

Wani ya yi 'yar dariya ta ruɗewa ya haɗiye ta. Glenda ta toshe baki da hannu. Duk shekarun nan da yake kiranta rumbu wai ta taya shi hira, yana miƙa mata kofi yana cewa, "Ke me kika gani?" ita ta ɗauka gwada ta yake yi.

Odete ba ta yi dariya ba. Ta ajiye kwalbar a ƙasa.

"Wato giyar bara da ta bara waccan, wa ya haɗa?"

"Ni na riƙe ludayi," in ji tsohon, "ita ta yi miya."

"Ta bana fa? Wadda kuka shiga rumbu ku biyu kuka haɗa a watan Yuni?"

Tsohon ya dubi Glenda. Can Glenda ta ce, "Na bi yadda muka saba. Harshe na nan, yana jin tsami da ɗaci."

"Ganga arba'in," in ji Odete. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi sauƙi. "Ganga arba'in, kowannenku yana jingine da ɗan'uwansa, ba wanda ya ga ya dace ya faɗa mini. Ni da ke yawo da hanci lafiyayye a gidan nan kuna ce mini in je in yi na'urata."

Ta juya ta dubi gona na ɗan lokaci, sannan ta juyo.

"Glenda, gobe ƙarfe bakwai ki same ni a rumbu. Zan sunsuna su ɗaya bayan ɗaya in faɗa miki abin da na ji, ke kuma ki faɗa mini abin da ya kamata in ji. Wannan ban iya ba, kuma ba ni da mai koya mini sai ke. Amma aikin kanta kin gama da shi. Ba za ki ƙara zuba wa baƙo ba."

Glenda ta gyaɗa kai. Shekara talatin da ɗaya, aka naɗe su a jimla ɗaya. Ni kuwa bakina ba ya da linzami.

"Gidan fa?" na ce.

"Lorna!" in ji Glenda.

"A'a, a bar ni in tambaya, ni ce mai tafiya. In na hau jirgin nan ban sani ba, a sama zan mutu. Gidan fa?"

Baba Avelino ya buga tebur da tafin hannu. "Gidan nawa ne. Muddin ina numfashi tana ciki."

Odete ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ta duba agogonta ta ce, "Anti, uku ta wuce. Za ki rasa jirgi." Na dubi tsohon, na tuna shekarunsa, na ɗauki jakata da wannan amsa rabi da rabi.

Glenda ce ta tuƙa ni. Muka kama hanyar Kelowna. Ina satar kallonta, ina jiran kuka ko faɗa, don na san na yi katsalandan. Ba ta yi ko ɗaya ba. Hannayenta biyu na kan sitiyari, kafaɗunta sun sauko kamar wadda ta sauke tulu. Da muka zo inda hanya ke bin gefen tafki, gonaki na hawa tudu ta hannun dama, sai ta zuge tagar ɓangarena.

"Sa hancinki waje," ta ce. "Faɗa mini me kike ji."

Na leƙa na shaƙa. "Ƙamshin gona, Yaya."

"Ƙamshin gona! Shekara ashirin da biyu kina zuwa, abin da kika koya ke nan? Saurara. A daidai nan, a wannan mako, da wannan rana, akwai ganyen dajin nan mai toka-toka da zafi ya gasa. A ƙarƙashinsa akwai ƙaron itacen tudu. In iska ta juyo daga ruwa za ki ji sanyin dutse. Sannan can baya, kaɗan, akwai zaƙin farin inabin da aka matse jiya ya fara tashi. Shi ne na ƙarshe, sai kin yi haƙuri kafin ya zo." Ba ta ɗauke ido daga hanya ba. "Suna nan?"

Akwai wata tsohuwar motar ɗaukar kaya a gabanmu tana tafiya kamar ba ta so, tana feso mana baƙin hayaƙi. Na ja numfashi har sau uku, da gaske nake nema, ban ji komai ba sai warin man dizal.

"Duk suna nan, Yaya," na ce. "Har na ƙarshen."

Ta gyaɗa kai, ta bar tagar a buɗe har Kelowna.